Bidiyon da na saki da wanda na goge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Agustan 2024 nake ɗauke da wannan maganar a ƙirjina, matata ce kaɗai ta san ta daga farko har ƙarshe sai wani malamina, shi ne ma ya ce in rubuta ko Allah zai sa wani ya tsira daga irin abin da na faɗa ciki. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi unguwarmu ba, ya isa dai ku san cewa a Kano nake kuma sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce.

Ina ɗan shekara sha uku na fara bin wani mai ɗaukar biki, ni ke riƙe masa fitila da jan waya, lokacin da kaset ake yi kafin a koma faifan CD, kafin a zo kan memori. Abu na farko da ogan nan ya koya min ba yadda ake zumin ba ne, cewa ya yi duk gidan da muka shiga kafin ka kunna kyamara ka nemi uwar biki ka tambaye ta wa da wa ne ba a so su fito. Akwai matar auren da mijinta bai yarda ba, akwai mai takaba da ta leƙo kawai ta yi Allah sanya alheri, akwai wadda ta zo ba da sanin gidansu ba. Ya ce bidiyo ya fi mutum tsawon rai kuma ya fi shi yawo, auren wata zai iya mutuwa saboda sakan biyar ɗin da ka ɗauka kana ganin ba komai ba ne. Shekara kusan ashirin ina bin wannan ƙa'idar a gidan biki, ko sau ɗaya ban taɓa karya ta ba. A kan titi na je na karya ta.

Zanga-zangar farko da na gani da idona ita ce ta Janairun 2012, da gwamnatin Jonathan ta cire tallafi fetur ya tashi daga naira 65 zuwa 141, mutane suka tare a shataletalen Silver Jubilee. Na ɗauka da wata ƴar ƙaramar waya, bidiyon kamar hayaƙi, ko ɗan uwanka ne a ciki ba za ka gane shi ba. Sai a 2020 na fara kallon waya da wani ido daban. A watan Mayu wata yarinya mai shekara 17 a Amurka ta tsaya ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti tara, ba ta yanke ba ba ta gudu ba, alhali bayanin farko da hukuma ta fitar cewa ya yi rashin lafiya ce ta taso masa, kuma bidiyon nan ne ya kai ɗan sandan gidan yari. A watan Oktoba kuma ga EndSARS, zanga-zangar neman a rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, daren 20 ga wata a Lekki da ke Legas wata baiwar Allah ta haska abin da ke faruwa kai tsaye a Instagram, aka yi ta musu an harbi mutane ba a harba ba, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar tashoshin Channels da AIT da Arise naira miliyan uku uku kan yadda suka yi amfani da bidiyoyin soshiyal midiya, sai bayan shekara guda kwamitin da gwamnatin Legas ta kafa ya ce lallai an kashe mutane. Ni a nan Arewa ban fita EndSARS ba kamar yawancinmu, amma na sha faɗa wa yaran shagona cewa in rana irin wannan ta zo mana ni ba zan sauke waya ba. Da bakina na faɗa, sau ba adadi.

To ranar ta zo. Kowa ya san halin da aka shiga bayan 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, fetur daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin kwanaki, mutane suka koma cin afafata, shinkafar da a da kifi ake zuba wa. Mu masu bidiyo mun ji a jikinmu domin wanda bai ci ya ƙoshi ba ba zai ɗauki mai kyamara ba, sai a ba wa ƙanin amarya waya ya ɗauka shikenan. Ranar Alhamis 1 ga Agustan 2024 da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa na fita da wayata, na bar babbar kyamara a gida. Da safe abin gwanin sha'awa wallahi, dattawa, mata da goyo, ɗalibai da kwalaye, ana ta ba ma yi ba ma yi, a dawo da tallafi. Na ɗauki minti goma sha ɗaya a jere. Can wajen ƙarshe ne abu ya fara lalacewa, barkonon tsohuwa ya tashi, aka ga wasu yara na gudu da kujeru da katan ɗin kaya a ka. Da yamma gwamna ya sa dokar hana fita ta awa 24, netwok kuma ranar sai a hankali, sai cikin dare na samu bidiyon ya hau.

Washegari na tarar da bidiyona a shafuka sun fi goma, amma ba minti sha ɗayan ba, sakan ashirin na ƙarshe kawai aka yanko, masu gudu da kaya, an rubuta a sama wai ga 'yan zanga-zangar Kano. Tsohuwar da ta tsaya gaban wayata ta buɗe tukunyar da ta fito da ita ba komai a ciki tana cewa jikokinta huɗu ba su karya ba, babu wanda ya ɗauke ta. Ba ina cewa ba a yi wawaso ba, an yi, har cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC da ake shirin buɗewa aka fasa, kuma duk wanda ya yi bai kyauta ba. Amma ni da na tsaya a wurin na san wanne ne minti goma wanne ne sakan ashirin. Abin ya ƙona min rai, sai dai in faɗa muku gaskiya akwai wani abu kuma da ya shige ni a ranar, mabiyana a TikTok sun ninka cikin kwana ɗaya, waya sai ƙara take, kuma na ji daɗin hakan. Wannan jin daɗin shi ya fitar da ni karo na biyu.

Akwai yaron makwabtanmu, shekararsa sha shida, yana koyon gyaran adaidaita sahu, in na samu aiki shi nake ɗauka ya riƙe min fitila in ba shi dubu ɗaya ko biyu, kamar dai yadda aka yi min. Ranar da aka ɗan sassauta doka na fito bakin titi sai ga ayarin yara da wata tuta mai fari da shuɗi da ja. Tutar Rasha ce, irin wadda muka riƙa gani a bidiyoyin Yamai bayan juyin mulkin Nijar na 2023, amma wallahi yaron nan ko a taswira bai san inda Rasha take ba, wani ne ya miƙa masa. Yana hango ni ya taho da gudu yana dariya yana kaɗa ta, Yaya ɗauke ni, Yaya ɗauke ni. Na ɗauke shi. Rana ta haske fuskarsa tas, har ɗan tabon da ke gefen girarsa ya fito, sakan goma sha takwas.

Ba a yi awa ɗaya ba aka fara harbi. Na maƙale a bayan wani kes na mai shayi, hannuna na rawa amma wayar na kunne, kuma ta ɗauki komai, motar masu kaki da inda ta tsaya, ƙarar, da wani saurayi mai farar riga da ya juya zai gudu ya faɗi kusa da kwata. Mutum biyu suka ja shi zuwa lungu, na bi su ina ɗauka, ɗaya ya tallafe kansa. Minti huɗu da wani abu. Na san fuskarsa sama sama, a layin bayanmu yake, yana sayar da kayan waya a tebur. Kafin magariba aka ce ya cika.

Daren nan na zauna a tsakar gida da bidiyo biyu a jere cikin galari, ɗaya na bin ɗaya. Ana ta yaɗa cewa ana tare mutane a hanya ana bincika wayoyi. Matata na da cikin wata takwas, mahaifiyata na fama da hawan jini, ni kaɗai ne namiji babba a gidan. Na kalli na biyun sau ɗaya, na ji muryata a ciki ina ta innalillahi, na ce in aka kama ni da wannan na shiga uku. Na goge shi, na shiga kwandon sharar wayar na sake goge shi daga can. Ban tura wa kowa ba, ban sa a filashi ba, ga kwamfutar editin a ɗaki taku biyar tsakanina da ita, ga memori sun fi ashirin a cikin jaka, ko tunanin hakan ban yi ba saboda tsoro ya rufe min ido. Sannan na ɗauki na farkon, na yaro da tuta yana dariya, na ga ai wannan ba komai abin nishaɗi ne, na ɗora masa sauti na sake shi. Ban tambayi uwarsa ba, ban tambayi ubansa ba, ni da ba na kunna kyamara a gidan mutane sai na nemi uwar biki.

Ranar Litinin 5 ga wata Babban Hafsan Tsaro na lokacin Janar Christopher Musa ya fito bayan taro da shugaban ƙasa ya ce ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa ne, aka fara kama masu tuta har da telolin da suka ɗinka, ofishin jakadancin Rasha ma ya ce ba ruwansa. Ina jin haka cikina ya ɗuri ruwa, na yi maza na sauke bidiyon daga shafina, amma ina, an riga an kwashe, yana Facebook yana WhatsApp yana ko'ina. Bayan kwana biyu da asuba aka zo aka tafi da yaron.

Da hantsi babansa ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Dattijo ne mai sanyin hali, tare muke sallah sahu ɗaya. Ya ce ɗana, sun nuna min hoton a waya, na ga sunan shafinka a jiki. Kun san yadda TikTok ke manna sunan mutum a kan bidiyo. Na durƙusa na ce Baba ka yafe min wallahi ban yi da nufi ba. Ya ce na sani, ai kai kake ba shi na kashewa, tashi, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da ya zage ni ko ya ɗaga hannu ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Satin farko ana kai masa abinci wani ofishi, daga baya aka ce ba ya nan an mayar da shi wani wuri, can kuma aka ce an wuce da su Abuja. Daga nan shiru. Na sayar da ƙaramar kyamarata muka haɗa kuɗin lauya da na mota, babansa ya je Abuja sau biyu ya dawo bai gan shi ba. Ni kuma na daina aiki gaba ɗaya, kafin alƙalamin biki uku na mayar wa masu shi, in na ɗaga kyamara sai in ga kamar fuskar yaron ce a gilashin. Barci ya ƙaurace min, na rame har mutane na tambaya ko ciwon suga ne, na koma zagayawa ta wani lungu don kar in wuce ƙofar gidansu. A watan Satumba matata ta haihu, ranar suna uwar yaron nan ta shigo da tsintsiyarta da tukunyarta tun da sassafe ta kama aiki kamar yadda ta saba, ta ɗauki jaririn ta yi masa addu'a. Na shiga banɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Sunan ɗana na fari, ni mai bidiyo, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

A cikin wannan halin ne ɗaya ciwon ya taso. Wasu lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan adam suka riƙa zagaye unguwanni suna neman duk wanda ke da bidiyo ko hoto na waɗanda aka rasa, domin magana ta zama musu, iyalai na cewa an harbe mana 'ya'ya, hukuma na cewa ba haka ba ne. Yayan saurayin nan mai farar riga ya zo shagona da kansa, ya ce an ce an gan ka da waya a wurin. Na ce eh na ɗauka. Ya ce alhamdulillah, har ya miƙo hannu. Na ce na goge. Bai ce komai ba, ya daɗe yana kallon wayar da ke hannuna sannan ya juya. Na kai wayar kasuwar Farm Centre wajen mutum uku da aka ce sun iya dawo da abin da aka goge, duk magana ɗaya suka faɗa min, da a katin memori ne kuma ba a ɗora wani abu a kai ba da akwai fata, amma cikin wayar zamani in ka goge daga kwandon shara ka ci gaba da amfani da ita har tsawon makonni, sai dai haƙuri. A ƙarshen Nuwamba Amnesty ta fitar da rahoto ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohi shida, rabinsu a Kano, rundunar 'yan sanda ta musanta. Duk sanda na ji ana wannan jayayyar a rediyo sai in kashe, domin na san abin da ya kwana a wayata na awa shida.

Ranar Juma'a 1 ga Nuwamba bayan an sauko daga masallaci bidiyo ya fara yawo, an kawo yara kotu a Abuja, su 76 a rukuni guda, da yawansu ƙanana, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, huɗu sun yanke jiki sun faɗi, wasu na wawar biskit, an sa belin kowanne naira miliyan 10. Na kalla sau uku ina neman yaronmu ban gan shi ba. Duk da haka na daure na yi sallama gidansu karon farko cikin wata uku, na ce Umma ga wani bidiyo ko za ki duba. Ta goge hannunta da zani ta karɓa, ta ce mayar baya, na mayar, ta ce tsaya. Ta ɗora yatsa kan wani yaro a can baya jikin bango, wuya duk ya fito, kai ya yi buzu-buzu, ya sunkuyar da kai yana murza kunnensa na hagu. Ta ce ga shi nan, tun yana goye haka yake yi in yana jin tsoro. Na zuba ido na ƙara girman hoton, sai a lokacin na ga tabon girar. Ni da na ɗauki fuskarsa tas har baƙi suka gane shi suka zo har gida, ni ne na kasa gane shi.

Wannan bidiyon na kotu shi ya fito da su, ba wani abu ba. Wata uku iyaye na kuka ba wanda ya ji, amma da ƙasa ta ga haƙarƙarin yaran da idonta, duk da an fito an ce wai faɗuwar shiri ce, kwana uku kacal ranar 4 ga wata Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari aka kori ƙarar, mataimakinsa Kashim Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati ya miƙa su ga gwamnoninsu. Wanda ya ɗauki bidiyon nan bai goge nasa ba. Na daɗe ina tunanin wannan mutumin, ko shi ma hannunsa ya yi rawa.

Yaron ya dawo da ƙuraje a jiki da tari, ya yi wata biyu kafin ya koma gareji. Na je na nemi yafiyarsa gaban iyayensa, ya ce Yaya ai ni na ce ka ɗauke ni. Na ce kai yaro ne, ni ne babba, ni ya kamata in sani. Har yau muna gaisawa lafiya lau amma bai sake riƙe min fitila ba, kuma in ya ga an ɗaga waya ko a wurin ɗaurin aure ne sai ya juya baya. Ban taɓa ce masa ya daina ba.

Na koma aiki a hankali. Yanzu yaran shagona kafin in koya musu komai sai na zaunar da su na ba su wannan labarin, sannan in nuna musu yadda ake dusashe fuska a editin, minti biyu ne aikin, minti biyun da na kasa yi. Ina ce musu in kun ɗauki abu a kan titi kar ku sake shi a ranar da zuciya ke tafasa, fuskar yaro da ta duk wanda ba shi da ƙarfin kare kansa a rufe ta, asalin bidiyon kuma kar a taɓa shi, kar a yanke kar a sa masa sauti, a kwafe shi wuri biyu ko uku a ba wa wanda aka yarda da shi, in da hali ka faɗi rana da wuri da bakinka tun a farkon ɗauka domin gobe wani zai ce tsohon bidiyo ne ko na wata ƙasa ne. In tsoro ya kama ka, kuma zai kama ka, fitar da shi daga wayar tukun kafin ka goge. Tsoron ba laifi ba ne, ni ma da dalilina, amma da na yi taku biyar ɗin nan zuwa kwamfuta da na tsira da iyalina kuma na tsira da amanar.

Abu ɗaya ya rage da na yi ta ɗagawa har sai azumin da ya biyo baya. Malamina ya ce bidiyo ya tafi amma idonka da kunnenka suna nan, je ka ba su abin da ka gani. Na samu mahaifin saurayin nan mai farar riga zaune kan tabarma a ƙofar gida bayan la'asar da carbi a hannu. Na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne, na ce Baba ina wurin, kuma ni ne wanda ya goge. Na shirya zai tambaye ni wa ya yi harbin, daga ina, motar wace iri ce, duk na tanadi amsa, na ma ce masa in za a je gaban ko waye zan maimaita. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce ɗana abu ɗaya nake so in sani, wata bakwai ba wanda ya iya faɗa min, ya samu kalmar shahada? Na ce Baba wanda ya tallafe kansa yana ta laƙƙana masa, kuma na ga leɓensa na motsi yana bi, da idona na gani, ina tsaye kamar daga nan zuwa bakin ƙofar can. Ya ce sake faɗa min. Na sake faɗa. Ya ɗaga murya ya kira matarsa daga cikin gida, ya ce zo ki ji da kunnenki.